Tsakar Gidan Inna Daga Sama

A Birni aka haife ni, cikin tsohon garin Damagaram, a wani lungu da in jaki ya shigo da kaya sai mutum ya manne da bango ya ba shi hanya. Gidanmu na ƙasa ne. Kakana ya gina shi a jikin wani ƙaton dutse, har dutsen ya zame mana bangon gabas. Dukawa ne mu tun kakanni. A zauren gidan mahaifina ya yi ta ɗinkin jakunkuna da kube da takalma har idonsa ya gaza, kuma warin fata da rini bai bar zauren ba ko bayan rasuwarsa. Amma ba zancen zaure zan yi ba. Zancen tsakar gida zan yi, domin nan ne duniyar Inna, mahaifiyata, kuma a kansa na ji kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun da aka kawo Inna amarya daga Garagumsa ba ta cika fita ba. Ba hana ta aka yi ba, ita ce dai ba ta ga abin da za ta nema a waje ba. Murhunta na nan, turminta na nan, randunanta na jere a ƙarƙashin kurna. In zafi ya buɗe, da ɗaurin ƙirji take wuni, kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi. Daga can kusurwar yamma akwai makewayi, bangonsa ya fi tsayin mutum, amma ba shi da rufi, kamar na kowa a unguwar. Wa zai rufe makewayi? Rana ce ke busar da shi.

Abin da ya sa mace ke iya zama haka a gidanta, wata ƙa'ida ce da muka taso muka tarar. Ba namijin da ke hawa saman ɗaki sai ya yi kira. In damina ta matso, maza za su hau yaɓe da gyaran indararo, mutum kafin ya sa ƙafa a tsani sai ya tsaya ya ɗaga murya: "Maƙwabta, za a hau soro." Ya maimaita, ya ɗan jira. Mata su ja mayafi ko su shige ɗaki, wadda ke wanka ta yi gyaran murya a dakata mata. In ya gama sai ya ce, "An sauko." Shi ke nan, kowa ta koma harkarta. Ina ƙarama wani mutum ya taɓa hawa ba kira, wai sauri yake hadari ya taso. Har gaban mai unguwa aka kai shi, kuma ya daɗe yana gaisuwa a masallaci ana amsa masa da ƙyar.

Birnin da na sani ina yarinya ya riga ya fara tsufa. Ganuwa ta zube sai guntaye. Ruwa kuwa wahalarsa a Damagaram ba sai an faɗa ba, mu na cikin duwatsu mun fi kowa shan ta, ƴan ga-ruwa ma ƙorafi suke kafin su hauro mana. Duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya sayi fili a sababbin unguwanni, ya yi ginin siminti, ya bar tsofaffi da awaki a gidan gado. Gidaje da yawa sun faɗi ba mai tayar da su. A lakwal, wato makaranta, in ka ce daga Birni kake, ƴan unguwar Zango sai su ce kana warin tsohon bango. Na sha yin dambe a kan wannan magana, kuma ba ni aka fi kayarwa ba.

To sai ga shi muna zaune abin ya juya. Masu kuɗi suka gano wai tsohon bango abin sha'awa ne. Aka shimfiɗa duwatsun pabe a babban lungu, aka kafa fitilu masu aiki da rana. Dillalai suka fara yawo suna leƙen zaure suna tambayar magada. Wasu attajiran Kano da ke harka a kasuwa suka sayi gidaje, wasu manyan ma'aikata daga Yamai ma suka saya. Maƙwabtan da muka tashi tare suka dinga zuwa sallama, wannan ya koma bayan gari, waccan ta bi ɗanta. Mai wainar bakin lungunmu, wadda uwarta ma a wurin ta yi tuya, aka ce hayaƙinta na ɓata fentin sabon gida, ta matsa. Ka fito da safe ka gaida mutum, ya dube ka kamar ka zo roƙo. A unguwar ubanka fa.

Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo gida wurin Inna, ina koyarwa a wata lakwal ta firamare. Yayana, wanda shi ne babba, yana da gidansa na siminti a sabuwar unguwa, kuma shi da dillalai bakinsu ɗaya. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo zancen a sayar, Inna ta koma wurinsa, ga pampo ga wuta. Inna sai ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "Ka sha ruwa, ka gaji. Ni daga gidan nan sai kushewa." In ya matsa ta ce masa ya je ya sayar da wanda ya gina da guminsa. Ni kuwa bayanta nake bi, har da ƙarin gishiri. Na taɓa ce masa in dillalinsa ya sake tako zaurenmu da taɓarya zan fito.

Gidan da ke yamma da mu na wasu marina ne. Da tsohon ya rasu, magada suka kasa daidaitawa, aka sayar. Wanda ya saya jikan wani attajirin Zango ne, amma a Yamai ya girma, ya yi shekaru a ƙasar waje. Ya rushe gidan ƙurmus, ya tayar da bene na bulo, ya sa aka shafe shi da jan siminti don ya yi kama da ginin ƙasa, aka zana masa ado a fuska irin na gidajen dā. Masaukin baƙi ne, in ji mutane. Can saman kuma aka kewaye da wani irin bulo mai huji-huji. In ka ɗaga kai daga tsakar gidanmu ba ka ganin komai ta cikin hujin sai duhu.

Babban maginin da ya riƙe aikin ɗan unguwarmu ne, dattijo. Kullum da safe kafin yaransa su hau sai ya tsaya a gindin bango ya yi kira, da yamma ya ce an sauko. Watanni Inna ta yi tana wuni da hijabi, tana girki a zaure, tana wanka kafin su zo ko bayan sun tashi. Ta yi mita har ta gaji, amma ta daure, don ta san aiki yana da ƙarshe. Ranar da suka gama, dattijon ya zo har ƙofa ya ce, "Inna, mun sauko ke nan, a yafe mana takurar da muka yi." Ta yi masa addu'a, ta aika masa da fura. Yana juyawa ta cire hijabin ta rataye a reshen kurna, ta ce yau fatarta za ta sha iska.

Daga ranar ba mu sake jin kira daga gidan ba. A wurin Inna kuwa lissafin a fili yake: tunda ba a yi kira ba, ba a hau ba. Mukan ji dariya da ƙarar cokula da yamma, ta ce ta tagogin ɗayan gefen ne. Ni da na yi boko har nake koya wa ƴaƴan mutane, ya kamata in tambayi kaina me ya sa mutum zai kashe dukiya ya kewaye saman gida in ba zama za a yi a wurin ba. Wallahi ban tambaya ba. Ni ma a ƙarƙashin wannan ƙa'idar na girma, ta shige mini jiki kamar yadda ta shige wa Inna. Haka muka ci damina biyu.

Wata rana a lakwal, lokacin shan iska, muna zaune mu malamai a inuwa, sai wata sabuwar malama da aka turo daga Yamai ta miƙo salularta, wato wayar hannu. Ta ce, "Ku ga garinku yadda ya yi kyau, wani ya sa a intanet." Aka dinga miƙawa hannu zuwa hannu har ta iso gare ni. Hoto ne daga sama. Na fara gane kurnar kafin in gane sauran. Ga Inna a duƙe tana hura wuta, da ɗaurin ƙirji, kanta a buɗe, furfura rabi a tsefe rabi a kitse. Malamar ta sa yatsa ta ja, wani hoton ya fito. Inna ce riƙe da buta ta nufi makewayi, zaninta ya ɗan zame ta baya. A ƙasa an rubuta da Faransanci wai ga rayuwa ta ainihi a tsohon birni, mutane kuma sun yi ta yabawa.

"Allah sarki, tsohuwar nan," in ji malamar. "Kamar zamanin dā."

Na ce, "Uwata ce."

Wani malami ya tashi wai zai duba ajinsa. Baiwar Allah ta karɓi salularta tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa haƙurin ma ƙara mini kunya yake. Maza nawa ne a wurin suka riga suka gani? Matar da ko surukinta bai taɓa ganin gashin kanta ba.

Ban jira an tashi ba. Na hau kabu-kabu, ina hanya ina shirya zagin da zan yi, tun daga kakansa har zuwa kansa. Mai gadi ya so ya tsayar da ni, na ce masa in yana son haƙoransa ya kauce. Sai ga maigidan ya fito, dogo, da farar riga, da murya mai sanyi irin ta wanda bai taɓa layin ruwa ba. Na zazzage masa abin da ke bakina a gaban ma'aikatansa. Bai katse ni ba. Da na tsaya shan numfashi ya ce, "Malama, ban san da hoton ba, kuma ban ji daɗi ba. Ki zo mu hau ki nuna mini ta inda aka ɗauka."

Na bi shi. Da na sa ƙafa a matakala ta farko sai na ji bakina na son yin kira, ni mace, a gidan wani. Na haɗiye.

Saman fili ne mai faɗi, da tebura da kujeru da tukwanen furanni. Wasu baƙi Turawa, mace da namiji, suna shan shayi, suka gaishe ni da fara'a. Hujin bulon nan da nake gani ƙanana daga ƙasa, ashe kowanne fuskar mutum na shiga. Ta gefen gabas ma an bar wuri a buɗe daidai ƙirji, don a tsaya a kalli duwatsu. Na matsa na leƙa.

Ban taɓa ganin gidanmu daga sama ba. Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina ba fushi ba ne. Cewa na yi, ashe haka muka tsufa. Ga ciyawa ta fito a kan soron ɗakina, ga tsaga a bangon zaure, ga tsohuwar katifar da muka shanya da taswirar shekaru a jikinta, ga kwanoni duk sun ci baƙi. Ga makewayi a buɗe kamar tafin hannu: ramin da fasasshen murfinsa, dutsen da Inna ke tsayawa a kai in za ta yi wanka, sosonta, gwangwanin sabulunta. Ita kuma tana zaune gindin kurna, ta miƙe ƙafafu, tana tsince shinkafa a faifai tana magana ita kaɗai. Can ta ɗauki muciya ta sosa bayanta. Baturiyar da ke gefena ta yi ɗan murmushi irin na wanda ya ga abin sha'awa. Na zo in kunyata mutum, sai ga ni tsaye ina jin kunyar katifa, ina jin kunyar uwata, sannan ina jin kunyar kaina da na ji kunyarta. Duk sauran zagin da na shirya ya gudu.

Da ƙyar na ce masa, "A unguwar nan ba a hawa sama sai an yi kira."

Ya ce, "Wane irin kira?"

Da gaske yake tambaya. Na gaya masa. Ya ce bai taɓa ji ba. Na ce kakansa ya sani. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai sa a toshe hujin gefenmu da zana, zai hana ɗaukar hoto, zai kuma aiko da kwano a rufe makewayin. Amma wurin da aka bari a buɗe, ya ce, gaskiya don shi baƙi ke zuwa. Sannan a hankali, yana kallon ƙasa, ya ƙara da cewa in wata rana iyalinmu suka yi shawarar sayarwa, a fara gaya masa, shi ba zai rushe ba, yadda gidan yake haka yake son sa. Ni kuwa idona ya riga ya kai wani wuri. Ta arewa da mu, gidan da aka sayar bara, an fara ɗora hawa na biyu, ƙarafa sun miƙe sama. Ta kudu ma haka. Ko ya toshe nasa, na gobe fa?

Na dawo gida ban gaya wa Inna ba. Kwanaki na yi ina kewaye-kewaye. Na ce wa Inna ta riƙa sa hijabi saboda rana na ƙona mata fata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Fatar da ta ga rana tun ba a haifi ubanki ba... to, tun ba a haife ki ba. Ko miji kika samo mini?" Da kwanon rufi ya iso na ce ni na saya saboda damina. Ta ce ba mai rufe mata makewayi ya mai da shi tukunyar wari, in kuɗi sun yi mini yawa in sayo mata goro. Duk sanda ta ɗauki buta sai in fito in tsaya tsakar gida ina kallon sama kamar mai neman wata. Abinci ya daina shiga mini. Na san kuma labarin ya fara yawo, ba da daɗewa ba wata za ta shigo gaisuwa ta fesa mata. Gara ta ji daga bakina.

Bayan la'asar ne, ta idar da salla tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, saman gidan nan na yamma, mutane na zama a kai."

Ta ce, "Yaushe za su fara?"

"Sun daɗe da farawa."

Ta ɗaga kai ta dubi bulon, ta dawo da ido kaina. "Ban ji an yi kira ba."

"Ba sa kira, Inna."

"To yaya suke hawa?"

"Hawa kawai suke yi."

Ta yi ta juya maganar, kamar na ce mata wasu na cin abinci ba sa buɗe baki. Can ta ce, "Ba Musulmi ba ne?" Na ce akwai Musulmi, akwai waɗanda ba Musulmi ba. Ta ce wa ya gaya mini. Na ce ni na hau da ƙafata. Zancen hoto kam ban iya ba, har yau ba ta sani ba, kuma ina roƙon Allah kada ta sani.

"Me kika gani?"

"Tsakar gida."

"Kurna ba ta tare ba?"

"Ba ta tare ba."

Ba ta nuna da hannu ba, da leɓe ta nuna kusurwar yamma. "Har can?"

Na so in yi mata ƙarya. Na buɗe baki, amma ta tsare ni da ido irin na lokacin da nake yarinya. Na ce, "Har can."

"Tun ranar da magini ya ce an sauko?"

Na gyaɗa kai.

Ta jawo zanin sallarta ta lulluɓe kafaɗu, ta ja shi har goshi, ta riƙe bakinsa a ƙarƙashin haɓa. Na jira ta yi faɗa, ta tsine, ta ce in kai ta wurin mai unguwa. Da ta yi haka da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, a hankali, ba ni take kallo ba:

"Duk shekarun da na yi da mahaifinku, bai taɓa ganina a kusurwar can ba."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki a sunkuye, ta saki labule. Na zauna a waje ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Shinkafar da ta ɗora ta kama, na ji ƙauri, ban tashi ba. Can daga ciki ta kira ni. Ta ce in gaya wa yayana ya zo gobe, ya taho da dillalin nasa. Ta ce kuma kada ya gyara mata ɗaki a gidansa, ta ji unguwarsu duk benaye ne, Garagumsa za a mai da ita wurin ƙanwarta.

Na ce, "Inna, mutumin ya ce zai toshe."

Ta ce, "Abin da aka riga aka gani fa?"

Ciniki bai ɗauki lokaci ba, masu so sun yi yawa. A makonnin da suka rage mana a gidan, Inna ba ta sake zama gindin kurna ba. A cikin ɗaki take wanka, a baho, ni nake fitar da ruwan in zubar.